Gaurakan da Ya San Muryar Baba Rediyo

Duk wanda ya taɓa aiki a gidan namun dajin nan ya san Baba Rediyo, wanda bai san fuskarsa ba ma ya san muryarsa. Shi ne mai kula da tsuntsaye tun kafin a haifi rabin ma'aikatan wurin, kuma bakinsa ne ya jawo masa sunan, don ba ya hutawa. Yana shara yana zuba, yana wanke kwanon jimina yana ba ta labarin ciwon bayansa. In ya rasa mai saurare sai ya tare mai sayar da tikiti a ƙofa, har sai ta ce, "Baba, don girman Allah a rage murya, layi ya taru." Matarsa kuwa ta daɗe da samo dabararta. Daga kicin take jefo masa "to", irin "to" ɗin nan da ba ta nufin komai, shi kuma ya ci gaba abinsa.

To irin wannan mutum aka ɗauka aka sa a aikin da dokarsa ta farko ita ce a yi shiru. Kuma ba wani ne ya sa shi ba, 'yarsa ce ta cikinsa.

'Yar tasa likitar dabbobi ce. A wurin ta girma, tana binsa da bokiti daga keji zuwa keji, ta tafi jami'a ta daɗe, ta dawo da gilashi a ido da buri guda a rai: gauraki. Tsuntsayen nan dogaye masu tukku ruwan zinare a ka, da a da suke cika fadama, yanzu sai mutum ya yini yana yawo bai ga ko ɗaya ba. Gonaki sun cinye fadamun, 'yan da suka rage kuma masu tarko na kamawa suna sayar wa masu hali, su ajiye a tsakar gida don ado. Dabarar Likita, haka uban yake kiranta tun ranar da ta gama karatu, ita ce a ɗauki ƙwan gaurakin da ke keji a ƙyanƙyashe a inji, a raini 'ya'yan a wani fili can bayan gidan namun dajin inda baƙi ba sa zuwa. In sun yi fiffike a kai su gandun daji a sake, kowanne da 'yar na'ura a ƙafa, don a san ina ya kwana, me ya ci, ya rayu ko bai rayu ba. Shekaru ta yi tana neman a bar ta ta gwada.

Ranar da ta zo gida neman uban ya karɓi renon, sai da ta zaunar da shi ta yi masa bayani dalla-dalla.

"Baba, ɗan gauraka abin da ya saba gani yana ƙarami, shi yake ɗauka danginsa. In ya saba da fuskar mutum da muryar mutum, shi ke nan, ya gama yawo. Ranar da aka sake shi, duk wanda ya kira shi zai je. Kuma ka san waɗanda za su kira shi."

"Masu tarko," in ji Baba Rediyo. "Ai na san su, akwai wani ma da muka yi makaranta tare, ƙaton banza, wata rana..."

"Baba."

"Na ji, na ji. Shiru dai ko? Likita, ni fa in na ga dama kwana da kwanaki nake yi ban ce uffan ba."

Daga kicin matarsa ta fashe da dariya har da tari. Likita ba ta yi dariya ba. Ta gaya masa gaskiya cewa Farfesa, wanda ke duba binciken daga jami'a, bai so ba. Cewa ya yi, wannan Baban da na tarar yana hira da jimina? Ita kuma ta ce masa babu wanda ya kai shi sanin tsuntsu a wurin, kuma ita ta tsaya masa. Baba Rediyo ya ji kansa ya yi girma. Ya buga ƙirji ya ce ta kwantar da hankalinta.

Aka ɗinka masa riga ruwan toka mai rufe mutum daga ka har ƙafa, da 'yar raga a wajen ido. Ma'aikata suka sa mata suna buhu. A hannun dama ana zura kan gauraka na roba mai dogon baki, da shi ake tsinto tsutsa ko fara a nuna wa 'ya'yan. A aljihu akwai 'yar na'ura mai yin kukan da uwa ke yi in tana kiran 'ya'yanta. Tari ma in mutum zai iya dannewa, ya danne.

'Ya'ya biyar suka ƙyanƙyashe, aka sa wa kowanne zobe mai launi a ƙafa, ba suna. Kuma a yi wa Baba Rediyo adalci, da farko ya riƙe doka gam. Sai ya yini a buhu maganganu na cunkushe masa a maƙogwaro, yana fitowa ya sauke su duka a kan mai sayar da tikiti. Ita ta sha wahalar makonnin nan, baiwar Allah.

Sai mai jan zobe ya kamu da zawo. Likita ta ware shi a ɗakin jinya, ɗan ƙaramin ɗaki mai fanka ɗaya da tagar da aka shafe da fenti. Ya ƙi cin komai. Ya lafe a kusurwa, wuya ya lanƙwashe, ido a lumshe. Wata rana da tsakar rana aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, Baba Rediyo na tsugune a buhu yana ta kaɗa masa tsutsa a bakin roba, gumi na shiga masa ido. Ya ɗage hular buhun don ya share fuska kawai. Da ya sauke hannu sai ya ga ɗan tsuntsun ya buɗe ido ya zuba masa.

"Haba ɗan nan," bakinsa ya faɗa tun kafin ya yi shawara da shi, "so kake ka mutu ka bar ni da Likita? Ci mana, don Allah."

Ɗan ya karkata kai gefe guda. Ya miƙe da ƙyar, ya tako, ya wuce bakin robar ko kallo, ya tsinci tsutsa daga yatsun Baba Rediyo na hagu.

Baba Rediyo ya farga. Ya mayar da hula da sauri, ya waiga ƙofa, babu kowa. Ya ce wa kansa sau ɗaya ne, kuma rai ya ceta. Washegari ɗan ya ƙi bakin roba ƙememe, sai da aka ɗage hula aka lallashe shi. Jibi ma haka. Da Likita ta auna shi ta ga ya ƙara nauyi, har tsalle ta yi kamar yarinya, ta ce, "Baba, hannunka akwai albarka." Ya ce mata ai ikon Allah ne, yana kallon takalminsa.

Kar wani ya ce don ceton rai ne kawai. Da farko dai haka ne. Amma ɗan ya warke sarai, aka mayar da shi cikin 'yan'uwansa, Baba Rediyo bai daina ba. Gaskiyar magana ita ce a duk rayuwarsa bai taɓa samun mai saurare irin wannan ba. Ba ya cewa "to", ba ya duba agogo, ba ya cewa layi ya taru. Sai ya tsaya ƙyam, ya karkata kai, ya kafe shi da ido ɗaya kamar mai sauraron ƙara. Shi ya sa ya raɗa masa suna Alƙali.

Akwai wani lungu a bayan rumfar abinci inda kyamarar Likita ba ta kai wa. Kowace safiya, in sauran sun tafi bakin tafki, Alƙali zai zagayo nan. Baba Rediyo ya ɗage hula, ya rage murya.

"Alƙali, an tashi lafiya? Ya gajiya?"

Sai ya zaro gyaɗa daga aljihun gaban rigarsa ta ciki, ya shiga kai ƙara. Ƙarar maƙwabcin da ke zuba ruwan wanki a ƙofarsu, ƙarar ɗansa da ba ya kira sai yana da buƙata, ƙarar gwiwarsa. In ya gama ya sauke hula ya fito, kunya ta bi shi har gida. Kullum sai ya sha alwashin gobe ba zai sake ba. Kullum gobe ta yi, Alƙali ya zagayo lungu, ya karkata kai yana jira.

Watanni suka wuce. Gashin jarirai ya zube, tukku ya fito, ƙafafu suka yi tsawo. Alƙali ya fi duka girma da kyau, in ya buɗe fiffike sai ka ga fari fat a cikin baƙi. Shi ya fara tashi sama, ya zaga filin ƙarƙashin ragar da aka rufe shi da ita, sauran na binsa a ƙasa da gudu.

Sai Likita ta tara ma'aikata ta ce mako mai zuwa za a yi gwajin tsoro. Farfesa zai zo da ɗalibansa, da jami'in gandun dajin da zai karɓi tsuntsayen. Mutane za su shiga filin ba buhu, fuska a buɗe, su yi hayaniya. Duk gaurakan da ya gudu ya ci gwaji, za a sake shi. Wanda ya tsaya ko ya matso, ba inda za shi, a keji zai ƙare rayuwarsa.

Baba Rediyo ya ji kamar an zuba masa ruwan sanyi a baya.

Washegari ya je lungu da niyyar gyara ɓarnarsa. Ya cire buhun gaba ɗaya ya yar, ya haɗe rai, ya tafa hannu da ƙarfi.

"Kai! Tafi can! Ni mugu ne, ba ka sani ba? Mu mutane ba mu da kirki! Gudu!"

Alƙali ya ja baya taku ɗaya ya dube shi. Baba Rediyo ya cire hularsa yana kaɗawa, yana buga ƙafa. Ai kuwa sai tsuntsun ya sunkuya, ya buɗe fiffike, ya daka tsalle, ya tsinci kara ya wurga sama ya cafe. Rawa yake yi. Ya ɗauka yau Baba wasa ya zo da shi. Dattijon ya sunkuya ya ɗauki dutse. Ya san in ya jefe shi sau ɗaya da kyau, ya ji zafi, wataƙila ya tsorata da mutum har abada. Ya ɗaga hannu. Alƙali ya daina rawa, ya matso, ya zura baki a aljihun gaban rigarsa yana lalubar gyaɗa. Dutsen ya faɗi ƙasa. Baba Rediyo ya zauna a kan bokiti ya riƙe kai, tsuntsun na tsintar masa gashin gemu.

Ana gobe gwaji Likita ta zo gida cin abincin yamma. Fara'a har kunne. Ta ce ta riga ta zaɓi wanda zai ɗauki na'ura mafi kyau, mai jan zobe, don shi ne jagoran sauran, inda ya sa kai nan suke bi. Ta ce Farfesa da kansa ya kira ta ya janye maganarsa, ya ce a gaida Baba.

"Likita," in ji uban.

"Na'am, Baba?"

Ya dube ta. Ga maganar nan a bakinsa, shi da magana ba ta taɓa yi wa wuya ba. Ya ga yadda take kallonsa, irin kallon da take masa tun tana bin sa da bokiti.

"Miƙo mini ruwa."

Matarsa ta ajiye cokali ta ƙare masa kallo. "Malam, lafiya? Yau rediyon ba batir?"

Ya ce bayansa ne ya tashi. Ya ƙara da cewa gobe ma ba lallai ya iya shiga filin ba, gara ya tsaya daga waje. Likita ta ce ai dama ba a buƙatarsa a ciki, baƙin fuska ake so, ya zo dai ya ga aikin hannunsa.

Da hantsi aka taru. Farfesa ɗan siriri ne mai maganar ƙasa-ƙasa, jami'in gandun daji ƙato mai takalmin sojoji, sai ɗalibai riƙe da lema da gwangwanaye. Baba Rediyo ya zaɓi can ƙarshen shingen waya, bayan wata bishiya, ya jawo hula har gira, ya damƙe bakinsa. Dabararsa ke nan: kar a gan shi, kar a ji shi.

Likita ta ɗaga hannu. Ɗalibai suka buɗe ƙofa suka faɗa filin da ihu, suna buga gwangwani, suna buɗe lema suna rufewa. Gaurakin na bakin tafki suka miƙe wuya lokaci guda. Huɗu suka zabura. Alƙali ya tsaya. Ya tsaya yana kallon mutanen, kai a karkace. Sai wata ɗaliba ta buɗe jar lema daf da shi, ya firgita, ya yi kuka mai ƙarfi, ya buga fiffike ya tashi, ya wuce 'yan'uwansa ya sauka a can ƙarshen filin cikin dogayen ciyayi. Duka biyar suka lafe.

Farfesa ya gyaɗa kai. Jami'in ya ce madalla. Likita ta dafe ƙirji, ta juyo tana neman ubanta da ido.

Shi kuwa, wayyo, daɗi ya kwashe shi. Nauyin da ya yi watanni a ƙirjinsa ya sauka lokaci guda, kuma Baba Rediyo bai san wata hanyar jin daɗi ba sai ta baki. Ya fito daga bayan bishiya, ya ɗaga hannu biyu.

"Alhamdulillahi! Kun gani ko? Ban gaya muku ba? Yaran nan nawa ba su da wasa!"

Muryar nan da ake ji daga ƙofar tikiti har kejin zaki.

Daga cikin ciyayi tukku ɗaya ya ɗago. Kai ya karkata. Sai ga Alƙali ya fito, da tafiya, sannan da sassarfa, sannan da gudu fiffike a buɗe. Ya ratsa ta tsakiyar ɗaliban da lemominsu ko a jikinsa, ya zo har shinge ya tsaya a gaban dattijon. Ya yi ɗan kukan nan siriri na jarirai, wanda ya kamata a ce ya daɗe da dainawa. Ya zura baki ta cikin waya, kai tsaye aljihun gaban riga, ya zaro gyaɗa.

Wani ɗalibi ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

Baba Rediyo ya so ƙasa ta tsage ya shige. Bai iya ja da baya ba, bai iya ɗaga ido ba. Yana jin bakin tsuntsun na komawa aljihunsa yana fitowa, yana jin ƙarar ɓare gyaɗa, kuma ya san kowa na ji.

Farfesa ya tako a hankali. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce wa jami'in gandun daji ya karɓi gyaɗa guda a hannun Baba, ya tsuguna, ya yi wa tsuntsun magana a tausashe. Ƙaton ya tsuguna ya ce, "Zo mana, ɗan kirki, zo." Alƙali ya dubi Baba Rediyo, ya dubi baƙon, ya taka ya karɓa a tafin hannunsa. Jami'in ya miƙe yana kakkaɓe hannu, ya ce wannan ko mako ba zai yi a daji ba, da gyaɗar aljihu ɗaya masu tarko za su sa shi a buhunsu.

"Likita," in ji Farfesa, "yaya aka yi haka?"

Baba Rediyo ya buɗe baki zai ce shi ne. Ta riga shi.

"Laifina ne, Farfesa. Ni na zaɓi mai reno, ni ke da alhakin dubawa, ban duba da kyau ba."

Ba ta kalli uban ba. Ta cire gilashinta ta goge da gefen mayafi, ta mayar, ta ce wa ɗalibai su fita a hankali kar su ƙara tayar da sauran. Da a ce zaginsa ta yi a gaban mutanen nan, da ya san inda zai ajiye zagin. Wannan kuwa bai san inda zai kai shi ba.

An sake gwada sauran huɗun kwana bayan kwana, har da sa Baba Rediyo ya yi magana daga bayan shinge, abin da ya fi komai ci masa rai. Allah ya taimaka, su gudu suke yi. Aka ce za su tafi. Alƙali aka ware shi.

Ba wanda ya kori dattijon daga aikin renon. Shi da kansa ya wanke buhunsa, ya ninke, ya ajiye a kan teburin ɗakin magani lokacin da ba kowa, ya koma wajen jiminarsa. Ya yi shara shiru, ya wanke kwano shiru. Mai sayar da tikiti da ta yi shekaru tana roƙon a rage murya, ita ce ta biyo shi har keji tana tambaya ko ba shi da lafiya. A gida matarsa ta zuba masa abinci ta zauna kusa da shi, don labari ya riga ya iso. In ya hango Likita daga nesa sai ya canza hanya. Mutum da 'yar cikinsa, yana laɓewa a bayan kejin birai.

Ranar da motar gandun daji ta zo, yana jin ana loda akwatunan katako, huɗu. Bai je ba. Can sai ga wani ma'aikaci da tsumma ɗaure a hannu, jini ya ɓata shi, ya ce Likita na kira a ɗakin magani.

Ya tarar da ita tsaye da almakashi. Alƙali na kusurwa, tukku a tashe, yana huci, ya kori maza biyu. Za a mayar da shi filin da baƙi ke kallo, wanda ba shi da rufi, don haka dole a yanke masa dogayen gashin fiffike ɗaya kar ya tashi ya faɗa cikin gari. Ta ce wa sauran su fita su ja ƙofa.

"Likita," ya ce, "ni ne. Tun yana ɗakin jinya. Ya ƙi ci, na ɗage hula, na..."

"Na sani, Baba. Na gane tun a filin." Ta juya almakashin a hannunta. "Ɗage hular bai dame ni ba, wataƙila ni ma da na yi. Amma me ya sa ba ka gaya mini ba? Da ka faɗa tun makon nan, da na canza mai reno, na cusa shi cikin 'yan'uwansa. Ƙanana suna mantawa. Da ya manta da kai, Baba. Da yanzu yana cikin motar can."

Bai taɓa sanin haka ba. Duk watannin nan ya ɗauka ɓarna ta riga ta auku tun ranar farko, ashe kullum da safe shi yake ƙara ɗaure ta. Kunyar faɗa wa 'yarsa kalma biyu ce ta hana tsuntsun nan daji. Ya dafa tebur.

"Ki yafe mini," ya ce.

"Zo ka riƙe shi. Kai kaɗai zai yarda da kai."

Ya taka ya tsuguna. Alƙali ya sauke tukku, ya matso, ya shige jikinsa. Ya rungume shi, ya ji zuciyar tsuntsun na bugawa da sauri a tafin hannunsa. Da Likita ta kama fiffiken sai ya fizge, ya fara harbi da ƙafa.

"Yi masa magana, Baba."

Karo na farko ke nan da aka ba shi izini. Ya buɗe baki, babu komai a ciki. Mutumin da ke hira da jimina ya lalubi kalma ɗaya ya rasa. A waje direba ya tayar da mota.

"Baba, yi masa magana, zai ji wa kansa ciwo."

Ya kai bakinsa kusa da kan tsuntsun.

"Alƙali," ya ce, "an tashi lafiya? Ya gajiya?"

Tsuntsun ya daina harbi. Ya karkata kai, ya kwantar da dogon wuyansa a kafaɗar dattijon, ya saki fiffiken a hannun Likita. Ta buɗe shi gaba ɗaya, ta sa almakashi. Dogayen gashin suka riƙa faɗowa ɗaya bayan ɗaya a kan takalmin Baba Rediyo, shi kuwa yana ta tambayar gajiya, yana maimaitawa, don bai san me zai ce masa bayan wannan ba. Motar ta wuce ta bayan taga, ƙararta ta yi nisa. Alƙali bai ko waiga ba, ya zura baki a aljihu yana neman gyaɗarsa.

Likita ta ajiye almakashi. Ta tsuguna ta tattara gashin a hannu, idonta ya yi ja.

"Za su sake fitowa," ta ce. "Duk shekara in sun fito sai an sake yankewa. Gauraka kuma yana daɗewa, Baba. Kai za ka riƙa riƙe shi."

Dattijon ya dubi fiffiken da aka yanke, ya dubi 'yarsa.

"To," ya ce.